Kaska ta cika karenmu, yanzu ɗana yana zazzaɓi: cutar karen ce ta kama shi?

Tambaya: Wata uwa daga Zariya ta aiko cewa suna da karen gadi da kyanwa mai 'ya'ya uku. Tun shigar damina kaska ta cika karen, har ana ganin ta tana hawan bangon tsakar gida. Mako biyu da suka wuce karen ya daina cin abinci, ya rame, har ya yi haɓo. Yanzu ɗanta mai shekara shida ya kwana biyar yana zazzaɓi. An yi gwajin maleriya ba a gani ba, an ba shi maganinta duk da haka, jikin bai sauka ba. Ta kuma ga wani ɗan baƙin tabo a bayan kunnensa. Maigida ya ce a kwashi karen da kyanwar a kai su daji a yar. Tana son ta sani: cutar karen ce ta kama yaron, kuma rabuwa da dabbobin zai kawo ƙarshen abin?

Amsa: Hajiya, sannu da jinya, Allah ya ba yaro lafiya. Ni likitan dabbobi ne, ba na mutane ba, don haka ba zan raɗa wa ciwon ɗanki suna daga nesa ba. Amma kafin mu shiga bayani, ki mayar da shi asibiti yau, kada ki bari sai gobe. Idan kin je ki faɗa wa likita da bakinki, ko bai tambaya ba, cewa gidanku akwai kaska har a bango, kuma karenku ya kwanta ciwo. Sannan ki lanƙwasa kunnen yaron ki nuna masa tabon. Likitocinmu suna ganin jama'a masu ɗimbin yawa a yini guda, kuma a ƙasar nan zazzaɓin da ba maleriya ba akan ce taifod ne. Ba kowa zai tuna ya tambayi uwa ko akwai kare a gida ba.

Tabon nan shi ya fi tsaya mini a rai. Idan baƙi ne a tsakiya kamar ƙunar sigari, da ɗan ja a kewaye, kuma ba ya yi masa zafi sosai, to haka gurbin cizon kaska yake komawa idan ta zuba wata ƙwayar cuta da ake kira rikesiya. Zazzaɓinta yakan taso kamar mako guda bayan cizon, da ciwon kai mai tsanani da ciwon jiki, bayan 'yan kwanaki kuma ƙuraje su feso har tafin hannu da tafin ƙafa. A fatarmu baƙa ƙurajen ba sa fitowa fili, sai an duba da rana a wuri mai haske. Maganin maleriya ba ya taɓa wannan ƙwayar, amoksisilin da danginsa ma haka. Doksisaikilin ne maganinta, ba shi da tsada, kuma idan ita ce jiki yakan yi sanyi cikin kwana biyu ko uku. Kada ki saya a kemis ki ba shi da kanki, likita ne zai auna nauyinsa ya yanke adadin, shi ne kuma zai duba ko wani abu ne dabam. Wataƙila ki ji an ce ba a ba ƙananan yara wannan magani saboda haƙori. Na 'yan kwanaki irin wannan likitocin yara sun amince da shi, jinkirin ne abin tsoro. Gwajin jinin da ke tabbatar da cutar ba kowane ɗakin gwaji ke da shi ba, kuma sau da yawa ba ya nunawa sai a mako na biyu, shi ya sa labarin da uwa ta bayar yake da nauyi ƙwarai.

Yanzu ga ainihin tambayarki. Kare ba ya shafa wa mutum irin waɗannan cututtuka ta numfashi, ko ta yawu, ko don yaro ya shafa bayansa. Akwai ɗan aike a tsakani, shi ne kaska. Hausawa sun ce zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa, to a nan ma mai ɗaukowa ya kawo shi ne abin nema. Kuma ina kyautata zaton abin da ya kwantar da karenku dabam yake da abin da ake zargi a jikin yaron, kaskar ce dai guda. Rama da ƙin abinci da haɓo a kare mai kaska sun fi kama da erlikiya, ƙwayar da ke karya ƙwayoyin da ke sa jini ya daskare. A Aljeriya aka fara gano ta a 1935, kuma ita ce ta kashe karnukan sojan Amurka da yawa a yaƙin Biyetnam. Akwai kuma babesiya, wadda nake ce wa masu karnuka ita ce maleriyar kare: tana shiga jajayen ƙwayoyin jini ta farfasa su, dasashin kare ya yi fari fat ko ruwan ɗorawa, fitsarinsa ya koma kalar shayin da ba madara. Waɗannan biyun da ƙyar suke kama ɗan Adam. Rikesiyar da ke kwantar da mutum kuwa sau da yawa kare yana ɗauke da ita yana yawonsa lafiya lau. A birnin Tunis aka fara bayyana wannan zazzaɓi a 1910, kuma masu bincike na cibiyar dabbobi ta Vom da abokan aikinsu sun ba da rahoto a 2013 cewa sun gano dangin wannan ƙwaya, tare da erlikiya da babesiya, a karnuka da kaskarsu a nan Najeriya. Ba cutar Turawa ba ce, nemanta ne ba a cika yi ba.

Saboda haka ki ɗauki ciwon karen a matsayin ƙararrawa. Shi ya fi kowa shan cizo a gidan, shi ya fara faɗuwa, ya sanar da ku cewa kaskar ta yi yawan da za ta tsallako kan mutane.

Inda nake so maigida ya saurare ni da kyau shi ne batun yar da karen. Kaskar da kuke gani a jikinsa ƙaramin kaso ce. Wannan jar kaska ta kare ta bambanta da ta shanu da ke jira a ciyawa: ita a cikin gida take rayuwarta gaba ɗaya. Macen takan sha jini kamar mako guda har ta kumbura ta yi toka-toka kamar ƙwayar wake, sai ta saki kare ta faɗo, ta nemi tsagar bango ko ƙarƙashin ƙofa ko bayan tulin itace, ta zuba ƙwai dubbai, har dubu huɗu, sannan ta mutu. 'Ya'yan da ke fitowa ba su kai ƙwayar riɗi ba. Su hau kare su sha jini su sauko su saɓe, su sake hawa su sha su sauko su saɓe, kafin hawa na uku sun riga sun zama manya. Da ɗumi irin namu wata biyu ya isa a zagayo. Kuma babbar da ba ta samu abinci ba tana iya lafewa a tsagar bango watanni da yawa tana jira. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kaska ma haka. Ganin ta tana hawan bango da kika yi alama ce gidan ya riga ya zama nata, domin ɗabi'arta ce ta haura sama ta ɓuya.

To idan aka ɗauke kare yau, dubban nan da ke bango ba za su bi shi daji ba. Za su fito da yunwa su tarar ba kare, sai wanda yake kusa da ƙasa, mai zama a tabarma, mai kwanciya a tsakar gida da dare saboda zafi, wato yara. An yi gudun gara an faɗa gidan zago ke nan. Na taɓa zuwa wani gida da karensu ya mutu, suka share wurinsa suka ɗauka magana ta ƙare. Bayan mako uku aka kira ni, wai wasu ƙwari suna cizon yara. Da na ɗaga wata kalanda da ke rataye a bangon baranda, bayanta ja wur da ƙananan kaska, sun taru kamar an watsa garin barkono. Muka ɗaga katifar yaran muka bi ɗinkin gefenta da tocila, nan ma ga su a jere. Uwar gidan ta kama baki, ta ce ita duk zatonta kuɗin cizo ne.

Ita wannan kaska asali ba ta son jinin mutum kamar yadda take son na kare, amma an gwada an gani cewa idan zafi ya ƙaru tana saurin kama mutum. Kuma an ga abin da take iya yi a wasu ƙasashe. A jihar Arizona ta Amurka, a garuruwan 'yan asalin ƙasar inda karnuka ke yawo sakaka, tun daga 2003 aka fara samun wani zazzaɓin rikesiya mai kisa, wanda ya fi namu na Afirka muni, yara da yawa kuma suna cikin waɗanda suka mutu. Ba kashe karnuka ne ya kawo sauƙi ba. A 2012 aka bi wata unguwa gida-gida, aka ɗaura wa kowane kare abin wuya mai maganin kaska, ana fesa magani a kewayen gidaje wata-wata. Cikin 'yan watanni karnukan da ake ganin kaska a jikinsu suka koma ƙasa da ɗaya cikin ɗari, alhali a unguwannin da ba a yi aikin ba fiye da rabinsu suna ɗauke da ita. Karen da aka sa wa magani mai kyau tarko ne: duk kaskar da ta fito daga bango ta hau shi mutuwa za ta yi. Wannan ne dalilin da ya sa nake roƙon ku bar karen a gidan ku yi masa magani.

Mu koma kan kyanwa, don ita nata abokin tafiyar dabam ne. Kyanwa tana lashe jikinta kullum, kaska ba ta cika zama a kanta ba, ƙuma ne matsalarta. Ga yadda za ki gane. Ki jiƙa farar takarda ko farin ƙyalle, ki tsayar da kyanwar a kai, ki taje bayanta wajen gindin wutsiya da mataji mai ƙananan haƙora. Za ki ga baƙin gari yana zubowa. Idan bayan ɗan lokaci kowane ɗigo ya narke ya yi ja, to ba ƙasa ba ce, kashin ƙuma ne, jinin kyanwar ne da aka sha aka fitar. A cikin wannan garin wata ƙwaya mai suna batonela take zama. Kyanwa ta sosa jikinta, garin ya shiga ƙarƙashin farcenta, ta yakushi yaro wajen wasa, shi ke nan ta shiga. Bayan 'yan kwanaki ɗan ƙurji ya fito a wurin, bayan mako ɗaya zuwa uku kaluluwa ta tashi a hammata ko wuya, wani lokaci da ɗan zazzaɓi. 'Ya'yan kyanwa 'yan ƙasa da shekara guda su suka fi ɗauke da ita, su ne kuma yara suka fi ɗauka suna juyawa, don haka ukun nan naku a kula. Ga mai lafiya yawanci tana warkewa da kanta cikin wata biyu zuwa huɗu. Amma ga wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni, kamar mai ɗauke da cutar ƙanjamau ko mai shan maganin ciwon daji, tana iya taɓa hanta da ido da zuciya. Kuma duk kaluluwar da ta daɗe a wuyan yaro a kai shi a duba, kada a ce ai kyanwa ce, domin tarin fuka ma haka yake fitowa. Duk yakushi a wanke shi da sabulu nan take, kada kuma a bar kyanwa tana lasar gyambon yaro.

Ƙuma yana ɗauke da nasa rikesiyar shi ma. An same ta a jinin masu zazzaɓi a karkarar Senegal da Kenya, mutanen da a da maleriya kawai za a ce suna yi. Akwai kuma wadda ƙuman ɓera ke yaɗawa, inda kyanwa mai farautar ɓera kan zama gada tsakanin rumbu da ɗaki. Maganinsu duka ɗaya ne da na kaska. Annobar nan ta tarihi da ta cinye Turai ita ma ƙuman ɓera ne ke kawo ta, kuma ba ta ƙare a duniya ba: a Madagaska a 2017 ta kama mutum fiye da 2,000, ta kashe kimanin 200, ana kuma samun ta a gabashin Kwango. Wannan ba abin da zai hana ki barci a Zariya ba ne.

Wanda iyaye mata suka fi kawo mini da firgici shi ne tsila. Uwa ta buɗe wandon ɗan shekara ɗaya ko biyu ta ga wani abu fari kamar ƙwayar shinkafa yana motsi. Wannan tsilar kare da kyanwa ce, kuma hanyarta guda: sai an haɗiye ƙuma. Yaro mai rarrafe a inda kyanwa ke kwana, komai ya tsinta sai baki, shi ke kamuwa. Ba ta da hatsari sosai, magani sha ɗaya ke kashe ta, amma irin maganin tsutsar da aka saba ba yara ba shi ne nata ba, a faɗa wa likita abin da aka gani. In ba a kashe ƙuman ba kuma za ta dawo. Shi ma ƙuma kamar kaska yake ta wannan fuska: macen tana zuba ƙwai har arba'in ko hamsin a yini, suna zubowa ƙasa, mafi yawan zuriyar tana cikin tsumma da ƙurar lungu, ba a jikin dabba ba.

Akwai wani ɗan ƙaramin ƙuda mai gashi-gashi, bai kai rabin sauro ba, ba ya kuka, yana cizo daga magariba. Shi ke yaɗa wata cuta mai suna lishmaniya. A ƙasashen bakin Bahar Rum da Barazil da Iran kare ne ma'ajiyar nau'in da ke kumbura saifa da hanta, ƙudan ya ciji kare ya ciji yaro. A Iran an gwada ɗaura wa karnukan ƙauyuka abin wuya mai magani, aka ga kamuwar yara ta ragu, an wallafa sakamakon a 2002. 'Yan'uwanmu Hausawan Sudan da ke zaune a yankin Gadarif, wajen kogin Atbara da Rahad, sun san wannan ciwo da sunan kala-azar. Can ƙudan yana son ƙasar laka mai tsagewa da dajin aduwa da dushe, kuma galibi daga mutum zuwa mutum yake kai cutar, ko da yake an samu karnukan ƙauyukan ɗauke da ita. Duk wanda ya zauna can ya yi zazzaɓin da ya wuce mako biyu da rama da kumburin ciki, a gwada shi, domin in ba magani kisa take yi. A arewacin Najeriya da Nijar nau'in fata aka fi gani, gyambon da ke ƙin warkewa wata da watanni, shi kuma ɓerayen daji ne ma'ajiyarsa, ba kare ba.

Sauro ba shi da dogon labari a nan. Kare da kyanwa ba sa ɗaukar maleriyar mutum, ba sa kuma ba da ita. Akwai wata tsutsa da sauro ke sa wa kare a zuciya, jefi-jefi takan ɓata hanya ta shiga mutum ta mutu a huhu ko ƙarƙashin fata. Cutar Laim da za ki gani an cika intanet da labarinta ta wata kaska ce ta dazuzzukan Amurka da Turai da arewacin Asiya. Ta shafi ɗan'uwan da ke zaune can yana fita da karensa daji, ba karen gadi a Zazzau ba.

Abin da ya fi kusa da mu, wanda mutane ba sa lissafawa cikin dabbobin gida, shi ne rago da akuya da ake turkewa a tsakar gida. Ki duba ƙarƙashin wutsiyar ragon da aka kawo daga kasuwa, ko tsakanin kofatonsa. Za ki iya ganin wata babbar kaska mai dogayen ƙafafu masu zobe-zobe fari da ja. Irinta ce ke ɗauke da zazzaɓin zubar jini na Kirimiya da Kwango, wanda ke kashe mutum goma zuwa arba'in cikin ɗari na waɗanda ya kwantar. Dabbar ba ta nuna alamar komai. An yi ɓarkewarsa a Nuwakshot ta Muritaniya a 2003, an gan shi a Senegal da Sudan, an kuma daɗe da gano ƙwayar a kaskar dabbobi a Najeriya. Yana shiga ta cizo, ta jinin dabba lokacin yanka da fiɗa, da kuma ta wata ɗabi'a da na ga dattawa da yara duka suna yi: a cire kaska a murje ta tsakanin farce biyu har jini ya fantsalo. Don Allah a daina wannan, ko ta kare ce ko ta rago. Ragon layya a yi masa maganin kaska mako biyu kafin yanka, a tambayi likitan dabbobi wanda ba zai saura a nama ba.

Cire kaska daga jikin mutum ko dabba da matsefata ake yi. A kama ta daf da fata, wajen bakinta, a ja a hankali a miƙe ba tare da murɗawa ko matse cikinta ba. Kada a ɗiga mata kananzir ko man shafawa tana maƙale, kada a sa mata ashana, domin duk lokacin da aka ɓata ana jiran ta saki, yawunta yana ci gaba da shiga jiki. Bayan an cire a jefa ta cikin kwalba mai ɗan kananzir, a wanke wurin da hannu da sabulu. Yawancin waɗannan ƙwayoyi sai kaska ta yi sa'o'i a maƙale suke shiga, saboda haka duba yara kowane dare wajen wanka yana da amfani sosai. A yaro ta fi son kai: cikin gashi, bayan kunne, cikin kunne, ƙeya, sai hammata da matsematsi. 'Yan mata masu kitso a bi tsagar kitson da yatsa.

Karen kuma a kai shi asibitin dabbobi, kuna da na koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a kusa da ku. Za a ɗebi jini a duba. Idan erlikiya ce maganin na kwana 28 ne, kuma kuskuren da aka fi yi shi ne a daina a kwana na biyar da zarar ya fara cin abinci, sai ciwon ya lafe ya dawo ya cinye ɓargo. Idan babesiya ce allura ce, amma kada a bar mai sayar da maganin shanu ya ɗirka masa Berenil da ƙiyasin ido. Tazarar da ke tsakanin adadin da ke warkar da kare da wanda ke taɓa masa ƙwaƙwalwa 'yar kaɗan ce, na ga karnukan da allurar ta kashe ba ciwon ba. Maganin kaska kuwa akwai wanda ake ɗigawa a ƙeya duk wata, akwai abin wuya mai ɗaukar watanni, akwai ƙwayar da kare ke taunawa, irin su NexGard na wata guda da Bravecto na mako goma sha biyu. Suna da tsada, na sani, kuma akwai jabu a kasuwa, a saya a hannun likita. Wanda bai da hali ana yi wa kare wanka da wani maganin kaska na ruwa mai suna amitaras, a sirka yadda aka rubuta, mako-mako, da safar hannu, yara suna nesa.

Ga abin da nake so ki riƙe da hannu biyu: maganin kare ba na kyanwa ba ne. Duk kwalbar da kika ga an rubuta permethrin a jikinta, kada ta kusanci kyanwa. Hantarta ba ta iya sarrafa shi, sai ta kama karkarwa da farfaɗiya ta mutu, ko da jikin karen da aka shafa wa kawai ta goga. Amitaras ma ba nata ba ne, farasitamol kuwa ƙwaya guda na iya kashe ta. 'Ya'yanta ƙanana a taje su da mataji ana tsoma shi a ruwan sabulu, a bar zaɓin magani ga likita. Fiya-fiya da Sniper da baƙin mai da kananzir kuwa, kada a shafa wa kowace dabba, kada kuma a fesa fiya-fiya a ɗakin da ake kwana. An sha rasa iyali guda a dare ɗaya ta wannan hanya, kuma ɗan da kike ƙoƙarin karewa daga kaska shi zai fara shaƙa.

Idan an yi wa dabba magani aka bar gida, an kashe maciji ba a sare kai ba. A ƙone tsumman da karen ke kwanciya a kai. A kwashe tulin itace da tsofaffin tayoyi da buhuna daga jikin bango. Kayan shimfiɗa a wanke da ruwan zafi a shanya a rana mai ƙarfi, katifa da tabarma a fitar su sha rana. A share lunguna a ƙone sharar, kada a tara ta a bayan gida. Mai feshi wanda ya san aikinsa ya bi tsagogin bango har sama, da bakin ƙofofi da tagogi da wurin kwanan karen, ba ƙasa kawai ba, a kuma maimaita bayan mako biyu zuwa uku, sau biyu ko uku, saboda ƙwan da ke ɓoye feshin farko ba ya kai gare shi. Bayan nan a samo siminti a toshe tsagogin. Wannan yaɓen ya fi feshi daɗewa. Ku yi magana da maƙwabta masu karnuka, domin kaska tana tsallake katanga. Ku sa rai da wata biyu zuwa uku kafin ku daina ganin ta, kada ku karaya a mako na biyu.

Ki gaya wa maigida cikin ladabi cewa tsoronsa yana kan hanya, uba ne ya ga ɗansa a kwance. Amma ɗaure kyanwa mai shayarwa a buhu a jefar a daji ba zai cire ƙuma ko ɗaya daga ɗaki ba, kuma ya fi ni sanin hadisin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ba. Idan daga baya kun ga ba za ku iya ɗawainiyarsu ba, ku ba wanda zai riƙe, bayan an yi musu magani kuma gidan ya tsarkaka. Tunda za a je asibitin dabbobi, a yi wa karen da kyanwar allurar haukan kare a lokaci guda idan karen ya murmure. Ita wannan ba ƙwaro ke kawo ta ba, ta cizo take shiga kai tsaye, kuma idan alamunta suka bayyana ba ta da magani.

A mako biyu masu zuwa ki sa ido kan sauran mutanen gidan, har da mai gadi ko almajirin da ke ba karen abinci, don shi ya fi kowa kusantar wurin. Duk wanda ya yi zazzaɓi a kai shi da wuri, a ba likita wannan labarin. Yaron kuma idan ya fara magagi, ko wuyansa ya sanƙare, ko numfashinsa ya canza, ko kika ga jini a dasashi ko fitsari, ko ya kasa shan ruwa, kada a jira wayewar gari, a tafi sashen gaggawa a daren.